Sarkin Kano Alu Maisango: sarkin da aka ci ƙasarsa ba ya gari

Aliyu Babba ɗan Abdullahi, wanda Kanawa suka fi sani da Sarki Alu ko Alu Maisango, shi ne sarki na ƙarshe da ya mulki Kano kafin Turawan Birtaniya su ci birnin da yaƙi a ranar 3 ga watan Fabrairun 1903.

Ya hau gadon sarauta da ƙarfin takobi a 1894, ya kuma rasa shi ta bakin bindiga bayan shekara takwas da 'yan watanni. Ya rasu a Lokoja a 1926, ba tare da ya sake ganin ganuwar Kano ba.

Sau biyu rayuwarsa ta ci karo da tambaya guda: idan aka karɓi mulki da ƙarfi, wane ne ke da hurumin halatta shi, kuma ina makomar dukiyar wanda aka kayar? A karon farko amsar ta yi masa daɗi. A karo na biyu kuwa, ba a ma nemi jin ta bakinsa ba.

Asalinsa

Alu jikan Sarki Ibrahim Dabo ne, wanda ya kafa gidan sarautar Sulluɓawa a Kano a 1819. Mahaifinsa, Sarki Abdullahi Maje Karofi, ya yi mulki daga 1855 zuwa 1882, ya kuma bar 'ya'ya masu yawan gaske.

Ta wajen uwa kuma, Alu jinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, domin mahaifiyarsa 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, wanda Alu ya ci sunansa. Wannan dangantaka ta yi masa rana daga baya.

Bayan rasuwar Abdullahi, sarauta ta koma hannun ƙaninsa Muhammadu Bello. Sarki Bello ya riƙa sauke 'ya'yan yayansa daga muƙamansu, yana share wa ɗansa Tukur hanya, abin da ya jefa gaba mai tsanani tsakanin gidajen biyu.

Yaƙin basasa

A tsarin daular Usmaniyya, Kano na iya gabatar da wanda take so, amma Sarkin Musulmi ne ke da ikon naɗi. Da Sarki Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya zaɓi Tukur, wanda ya nuna jarumtaka a yaƙin da Sakkwato ta yi da Kabawan Argungu. Wazirin Sakkwato Buhari ne ya yi naɗin.

'Ya'yan Abdullahi, waɗanda ke ganin ɗan'uwansu Yusufu ne ya cancanta, suka ƙi yin mubaya'a. Suka fice daga birni suka yi sansani a Takai, inda suka riƙa tara magoya baya daga garuruwan gabas da kudu.

Yusufu ya rasu a Garko a 1894 ana tsakiyar yaƙi. Daga nan Yusufawa suka ɗora Alu a matsayin jagoransu. Masana tarihi na ganin cewa ɗaya daga cikin dalilan zaɓen shi ne fatan cewa Sakkwato za ta fi saurin sassautowa ga wanda ke da jinin gidan Shehu.

A cikin wannan shekarar Alu ya shiga Kano. Tukur ya tsere zuwa ƙasar Katsina, aka kuma kashe shi a Tafashiya a watan Maris na 1895.

Waɗanda suka yi nasara sun raba muƙamai a tsakaninsu, sun ƙwace gidaje da gonakin Tukurawa, an kuma bautar da mutane da dama daga ɓangaren da aka kayar.

To sai dai cin birni bai wadatar ba. Muddin Sakkwato ba ta amince ba, Alu ɗan tawaye ne a idon sauran sarakunan daular. Sarkin Musulmi ya nemi sarakunan maƙwabta su taimaki Tukur, amma ba su yi wani abin a zo a gani ba. Bayan mutuwar Tukur, ba wata mafita da ta rage, sai Sakkwato ta amince da abin da takobi ya riga ya zartar.

Da wannan amincewa ce sarautar Alu ta halatta, rabon muƙamai da dukiyar da aka yi kuma ya zauna daram. Duk da haka dangantaka tsakaninsa da Abdurrahman ba ta taɓa yin armashi ba.

Shekarun mulki

Mulkin Alu ya fi karkata ga tsaro. Daga arewa akwai Damagaram ƙarƙashin Sarki Amadu Kuran Daga, wanda ya kawo hare-hare har cikin ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1890. Daga kudu maso gabas kuma akwai Ningawa, waɗanda suka daɗe suna addabar garuruwan kan iyaka.

Alu ya ƙarfafa garuruwan ribaɗi, ya tara bindigogi, ya kuma dogara ƙwarai da bayin sarki wajen riƙe makamai. Laƙabinsa na Maisango ya samo asali ne daga sango, wani mashi da ake harbawa da bindiga.

A wancan zamani Kano ce babbar kasuwar ƙasar Hausa. Fatake na zuwa Gwanja neman goro, Larabawan Gadamas da Tarabulus na da gidaje da wakilai a cikin birni, ayarin Buzaye kuma na kawo gishiri su koma da hatsi da tufafi. Garin Kura, kudu da birnin, ya shahara da marina da mabuga, baƙin rawaninsa mai sheƙi kuma na da daraja har cikin Sahara.

Abin da aka ƙulla a Turai

Yayin da Alu ke fama da maƙwabtansa, an riga an yanke makomar ƙasarsa a wasu biranen da bai taɓa gani ba.

Taron Balin na 1884 zuwa 1885 ya shimfiɗa ƙa'idojin da ƙasashen Turai za su bi wajen amincewa da da'awar junansu a Afirka. A 1885 wani wakilin kamfanin Birtaniya mai ciniki a kogin Kwara, Joseph Thomson, ya samo takardun yarjejeniya daga Sakkwato da Gwandu. Kamfanin, wanda daga baya aka sani da Royal Niger, ya gabatar da takardun a Turai a matsayin shaidar samun iko, alhali a Sakkwato ana kallon abin a matsayin izinin ciniki da aka ba baƙi.

A 1890 Birtaniya da Faransa suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi. Suka sake gyara iyakar a 1898, sannan a 1904 da 1906. Ta haka Kano ta faɗa a rabon Birtaniya, Damagaram kuma a rabon Faransa, wadda ta ci Zinder a 1899.

A ranar 1 ga Janairun 1900, Frederick Lugard, wanda Hausawa ke kira Gwamna Lugga, ya ɗaga tutar Birtaniya a Lokoja, ya yi shelar cewa Arewacin Najeriya ya shiga ƙarƙashin kariyar Ingila. Gwamnatin Birtaniya ta biya kamfanin Royal Niger fam 865,000, ta kuma bar masa rabin kuɗin haƙar ma'adinai na wani yanki mai faɗi har tsawon shekara 99. Wato an biya diyya a kan ƙasar da sarakunanta ke kan karagarsu, amma ga wani kamfani na Landan.

Faɗuwar Kano

A watan Oktoban 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe jami'in Birtaniya Kyaftin Moloney, ya gudo Kano. Alu ya karɓe shi da girmamawa, Lugga kuma ya sami hujjar da yake nema. Ofishin kula da ƙasashen mulkin mallaka a Landan bai ji daɗin yadda aka shirya yaƙin ba tare da cikakken saninsa ba, amma bai hana ba.

A cikin wannan watan ne kuma Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu, aka naɗa Attahiru ɗan Ahmadu. A farkon Janairun 1903 Alu ya tashi zuwa Sakkwato da manyan hakimansa da mahaya kusan 2,000.

Har yanzu masana na da saɓani a kan wannan tafiya. Wasu na ganin mubaya'a ce da ta zama dole, musamman ga sarkin da halascinsa ya taɓa zama abin jayayya. Wasu kuma na nuni da wasiƙun da Turawa suka samu a gidan Waziri Buhari, waɗanda aka buga fassararsu a 1927, inda Alu ya nuna cewa hijira ita ce mafita ga Musulmi.

A ƙarshen Janairu Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji 'yan Afirka fiye da 700, da igwa huɗu da bindigogi masu sarrafa kansu huɗu. A ranar 1 ga Fabrairu suka isa Bebeji, inda mutanen garin suka rufe ƙofa suka ƙi miƙa wuya. Igwa ta fasa ƙofar, aka kashe sarkin garin da wasu daga cikin mutanensa.

Labarin Bebeji ya riga rundunar isa sauran garuruwan da ke kan hanya. Ta ratsa ƙasar da ke kudu maso yammacin birni, yankin da Madobi da Kura suke, har zuwa kogin Challawa, ba tare da wani ya sake tare ta ba.

A ranar 3 ga Fabrairu aka kai wa birnin hari. Ganuwar ta gagari harsashin igwa, sai Turawan suka karkata ga Ƙofar Kabuga suka karya ta. Bayin sarkin da aka bar wa tsaron gari sun yi iya ƙoƙarinsu, Sarkin Shanu kuma ya mutu yana kare fada. Kafin faɗuwar rana Gidan Rumfa ya shiga hannun baƙi.

Rabuwar runduna

Alu na kan hanyar komawa gida, a ƙasar Zamfara, labari ya iske shi. Cikin dare ya rabu da rundunarsa ya yi arewa tare da 'yan mutane kaɗan. Wannan mataki shi ne abin da aka fi sukarsa a kai.

Da gari ya waye runduna ta rabu biyu. Ɗan'uwansa Wambai Abbas ya ja wani ɓangare zuwa Kano domin sasantawa da Turawa. Wani ɗan'uwan nasa, Waziri Ahmadu, ya zaɓi yaƙi, ya kuma faɗi tare da jama'a da dama a kusa da Kwatarkwashi a ƙarshen watan Fabrairu. Shi ne Kanawa ke kira Mai Shahada.

An kama Alu a ƙasar Gobir aka miƙa shi ga Turawa. Sakkwato ta faɗi a ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru kuma ya yi gabas da dubban masu hijira, har aka kashe shi a Burmi a ranar 27 ga Yuli.

Makomar dukiyar masarauta

A jawabin da ya yi a Sakkwato a ranar 21 ga Maris na 1903, Lugga ya bayyana hujjar Birtaniya ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ya ce Fulani sun sami ikon naɗa sarakuna da karɓar haraji da mallakar ƙasa ne ta hanyar yaƙi, yanzu kuma an ci su da yaƙi, don haka duk waɗannan haƙƙoƙi sun koma hannun Birtaniya.

A dokar ƙasa da ƙasa ta wancan zamani, wadda Turawa suka rubuta wa kansu, cin ƙasa da yaƙi halastacciyar hanya ce ta mallaka. Babu wata ƙasa da ta ƙi amincewa. Faransa da Jamus, waɗanda su kaɗai ne ke da ƙarfin ja, sun riga sun karɓi nasu rabon.

A farkon Afrilu Lugga ya naɗa Abbas Sarkin Kano. Takardar naɗi ta daina fitowa daga Sakkwato, gaisuwar shekara da Kano ke aika wa Sarkin Musulmi ta tsaya, sabon sarki kuma ya yi rantsuwar biyayya ga Sarkin Ingila.

Masarautar Kano ba ta da zinari a bankunan ƙetare. Dukiyarta ita ce ƙasa, da haraji, da gandayen sarauta, da bayi, da dawaki, da rumbuna, da wuri. Ɗaya bayan ɗaya aka sauya matsayin kowannensu.

Haraji ya zama na gwamnati, ana raba shi tsakaninta da hukumar gargajiya, daga bisani kuma aka kafa baitulmali aka yanka wa sarki albashi. An rufe kasuwar bayi, dokar Lugga ta 1901 kuma ta ce duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilun shekarar ɗa ne. Kuɗin Ingila ya riƙa ture wuri har ya daina amfani.

Abin da Kano ke da shi a waje yana hannun attajirai ne, wato bashi da amana da kayan da ke kan raƙuma tsakanin Kano da Agadas da Tarabulus. Turawa ba su ƙwace wannan ba, amma sabuwar iyaka ta raba hanyar gida biyu. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, ya biyo ta Madobi da Challawa, sai ciniki ya juya fuska zuwa Ikko, gyaɗa kuma ta zama abin da ake nema.

Mafi girman al'amari shi ne ƙasa. Bayan wani kwamiti ya zauna a Landan a 1908, an kafa dokar 1910 wadda ta sanya dukkan filayen Arewa ƙarƙashin ikon gwamna, a matsayin amana domin amfanin 'yan ƙasa. Manomi na da haƙƙin zama da noma, amma asalin mallaka na hukuma ne.

Zaman Lokoja

An fara kai Alu Yola, daga baya aka mai da shi Lokoja, garin da Turawa suka mayar masaukin sarakunan da suka tuɓe. A can aka kai Sarkin Zazzau Kwasau da Etsu Nupe Abubakar, daga baya kuma Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi.

Alu ya yi sauran rayuwarsa a ƙarƙashin sa-idon hukuma, cikin karatu da ibada. Babu kotun da zai kai ƙara, babu kuma wata ƙasa da ta ci gaba da ɗaukarsa a matsayin halastaccen sarki. Yana raye Abbas ya rasu a 1919, Usman ya gaje shi. Alu ya rasu a 1926, shekarar da Abdullahi Bayero ya hau gadon sarauta, aka binne shi a Lokoja.

Yadda dokar duniya ta sauya

Shekara biyu bayan rasuwarsa, a 1928, manyan ƙasashe suka sa hannu a Paris kan yarjejeniyar yin watsi da yaƙi a matsayin hanyar cim ma buri. A 1932, bayan Japan ta mamaye Manchuriya, Amurka ta ce ba za ta amince da duk wani sauyin iyaka da aka samu ta ƙarfi ba.

Gwajin farko a Afirka ya zo ne a Habasha, wadda Italiya ta haɗiye a watan Mayun 1936. Sarki Haile Selassie ya yi gudun hijira zuwa Ingila, inda ya kai kamfanin sadarwa na Cable and Wireless ƙara yana neman kuɗin gwamnatinsa fiye da fam 10,000.

Kotun farko ta ba shi gaskiya a 1938, saboda har lokacin Birtaniya na ɗaukarsa a matsayin sarki a shari'ance, ko da yake ta yarda cewa Italiya ce ke riƙe da ƙasar. Amma a watan Nuwamban shekarar gwamnatin Birtaniya ta amince da Sarkin Italiya a matsayin mai mulkin Habasha, nan take kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Sa hannu guda na 'yan siyasa ya mayar da kuɗin ga wanda ya yi mamaya.

Ƙasashen Istoniya da Latbiya da Lituweniya sun fi sa'a, ko da yake sun daɗe suna jira. Tarayyar Sobiyet ta haɗiye su a 1940, amma a ranar 23 ga Yulin shekarar Amurka ta yi shelar ƙin amincewa, ta hana a taɓa kadarorinsu, ta kuma bar ofisoshin jakadancinsu a buɗe har tsawon shekara hamsin, ana tafiyar da su da waɗannan kuɗaɗe.

Birtaniya ta riƙe zinarin ƙasashen uku da ke babban bankin Ingila, amma a ƙarshen shekarun 1960 ta sayar da shi a wani sulhu da ta yi da Mosko. Da ƙasashen suka sake samun 'yanci a 1991, gwamnatin John Major ta amince a 1992 za ta biya su kwatankwacin zinarin. An biya ne domin a idon doka ƙasashen ba su taɓa mutuwa ba.

Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945 ya haramta amfani da ƙarfi a kan yankin wata ƙasa, amma haramcin bai waiwayi abin da ya wuce ba. A 1964 shugabannin Afirka da kansu suka amince a Alƙahira cewa za a mutunta iyakokin da aka gada daga Turawa. Layin da ya raba Kano da Damagaram ya tabbata ke nan.

Abin da ya rage

Najeriya ce ta gaji abin da Birtaniya ta karɓa a 1903. A 1960 an mayar wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku tutar da aka ƙwace a Burmi, amma ikon naɗi da tuɓe sarki ya ci gaba da zama a hannun gwamnati, kamar yadda aka gani a Kano a 1963 da kuma 2020.

Haka ma ikon ƙasa. Dokar 1910 ce ta haifi dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962, ita kuma ta zama abin koyi ga dokar amfani da filaye ta 1978, wadda ta sanya ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta.

Manoman yankin da rundunar Morland ta ratsa sun ga aikin wannan doka da idonsu. Lokacin da gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, an tayar da dubban mutane daga garuruwansu. A Kadawa da Kura da Bunkure kuma hukuma ta karɓi gonaki, ta baje su, ta haƙa magudanan ruwa, sannan ta sake raba su ga manoma. Diyyar da doka ta tanada ta amfanin gona ce da gine-gine da itatuwa, ba ta ƙasar kanta ba.

Shirin ya mayar da yankin ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin noman rani a Najeriya, inda ake noman shinkafa da alkama da tumatir. Amma ikon da hukuma ta yi amfani da shi wajen karɓar gonakin ya samo tushe ne daga hujjar da Lugga ya kafa a Sakkwato, makonni kaɗan bayan Alu ya rasa sarautarsa.

Har yau ra'ayin Kanawa ya rabu a kan Alu. Wasu na tuna shi da jarumtakar basasa da tsayuwar da ya yi wa Damagaram da Ningi. Wasu kuma ba su manta daren da ya bar rundunarsa a Zamfara ba. Kabarinsa na nan a Lokoja, tare da na sauran sarakunan da aka kai can ba su dawo ba.